Filin Tambaya da Amsa: Na San Kalmomin, Amma Ban Gane Nufin Marubucin Ba

Wasiƙun da suka taru a wannan wata sun karkata ne ga darasin Turanci na manyan azuzuwan sakandare, musamman karatun maƙala da nazarinta, wataƙila saboda lokacin jarrabawa ya ƙarato. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu, dukansu daga Sakkwato da kewayenta, kuma mun taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

Tambaya daga wata ɗaliba a Mabera

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji shida na sakandare, kuma bana zan zauna jarrabawar WAEC da NECO. Idan aka ba mu labari a darasin Turanci ina fahimtarsa ba tare da wahala ba, amma idan aka ba mu maƙala a kan wani batu kamar kwararowar hamada ko tsadar abinci, sai in karanta har sau uku, in san ma'anar yawancin kalmomin, amma da an tambaye ni abin da marubucin yake son faɗa sai in rasa ta cewa. A sashen taƙaitawa kuwa, malaminmu yakan ja layi da jan biro a ƙarƙashin amsoshina, ya ce kwafa na yi. Ina mafita?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Wannan ciwo ba ke kaɗai ke fama da shi ba, kuma bai nuna ƙarancin basira ba. Labari yana ɗaukar mai karatu ya tafi da shi, domin akwai wanda abu ya faru da shi, akwai abin da ya fara faruwa da abin da ya biyo baya, kuma kunnenki ya saba da wannan tsari tun kina sauraron tatsuniya a bakin kaka. Maƙala ba ta da Gizo ba ta da Ƙoƙi. Abin da ke tafiya a cikinta tunanin mutum guda ne wanda yake son ya shawo kanki, kuma wanda ya karanta ta kamar labari, yana jiran wani abu ya faru, zai kai ƙarshenta hannu rabbana.

Shawarata ita ce ki sauya wurin zamanki. Duk lokacin da aka ajiye miki maƙala, ki ɗauka ke ce alƙali, marubucin kuma mai ƙara ne da ya zo gabanki. Kin san ƙa'idar da malamanmu na fiƙihu ke maimaitawa, cewa kawo hujja yana kan mai da'awa. To, kowace jimla a cikin maƙala tana yin ɗaya daga cikin 'yan ayyuka kaɗan: ko dai tana faɗin da'awar marubuci, ko tana kawo dalilin da ke tallafa wa da'awar, ko tana ba da misali domin dalilin ya zauna a zuciya, ko kuma tana kawo maganar abokin hamayya domin a rushe ta. Ɗalibin da ya iya rarrabe waɗannan ya gama rabin aikin, ko da akwai kalmomi biyar ko shida da bai taɓa gani ba.

Bari in tsara miki ɗan sakin layi da Hausa, ki ƙaddara da Turanci aka ba ki shi:

"Mutane da yawa suna ganin talakan da ke sare itace domin girki shi ne ummul haba'isin ƙarewar dazuzzuka a arewacin ƙasar nan, suna kuma kira da a tsananta masa hukunci. Sai dai wannan ra'ayi ya bar jaki yana dukan taiki. Matar da ke dafa tuwo da itace tana yi ne saboda gas da kananzir sun fi ƙarfin aljihun gidanta. A wani ƙauye da na ziyarta, na ga yara suna tafiyar rabin yini kafin su haɗa dami guda. Saboda haka, muddin ba a samar da makamashi mai araha ba, doka kaɗai ba za ta ceci bishiya ko ɗaya ba."

Idan aka tambayi aji mene ne ra'ayin marubucin, na tabbata da yawa za su ce yana ganin talaka ne ke ƙarar da daji, domin ita ce jimlar farko kuma an koya musu cewa jigon sakin layi yana zuwa a farkonsa. Wannan ƙa'ida tana yin daidai sau da yawa, amma a nan ta jefa su rami. Jimlar farko maganar wasu ce, marubucin ya kawo ta ne domin ya ƙaryata ta, kuma abin da ya tona asirin hakan shi ne "sai dai" da ke farkon jimla ta biyu. Jimla ta uku dalili ce. Ta huɗu misali ce, kuma ko an cire ta maganar ba ta faɗi ba. Da'awar kanta ba ta bayyana ba sai a jimla ta biyar, bayan "saboda haka".

Wannan ya kawo mu ga ƙananan kalmomin da ɗalibai ke tsallakewa da gudu suna neman manya. A Turanci, however da but da yet da although su ne "sai dai" da "amma" da "duk da cewa", kuma duk inda kika gan su ki sani magana ta juya. Therefore da thus da consequently suna sanar da ke cewa natija ta zo. For example da for instance suna gaya miki cewa abin da ke tafe misali ne. Ki riƙe fensiri, ki zagaye irin waɗannan kalmomi a karatunki na biyu, za ki ga maƙalar ta rarrabu da kanta kamar yadda gona ke rarrabuwa da kunya-kunya. Karatun farko na sanin inda aka dosa ne, kada ki tsaya a kan kowace kalma mai wuya. Bayan shi ki duba tambayoyin, sannan ki koma karo na biyu da fensirinki.

Akwai kuma abin da marubuci bai faɗa ƙarara ba amma ya bari a gane, kuma a nan Bahaushe yana da gata idan ya lura. Ki dubi bambancin "ya ce zai gyara hanyar" da "wai zai gyara hanyar". Harafi uku kacal, amma sun nuna mai maganar ya zare hannunsa daga alkawarin. Turanci ba shi da kalma guda da ke yin duk aikin "wai", don haka yakan ɓoye shakkun a cikin fi'ili: idan marubuci ya ce wani ya claimed abu, yana nesanta kansa da maganar, idan kuwa ya ce ya showed ko ya proved, ya amince da ita. Tambayoyin da ke neman ki faɗi matsayin marubuci game da wani batu, a irin waɗannan wurare amsarsu take kwance.

Haka nan ki saba da raba abin da za a iya tabbatarwa da abin da yake ra'ayi. Cewa an kafa Jihar Sakkwato a 1976, aka cire Kabi daga cikinta a 1991, aka cire Zamfara a 1996, magana ce da kowa zai iya bincikawa ya tabbatar. Cewa wannan rabuwa ta kawo ci gaba ko ta kawo koma baya, ra'ayi ne da ke buƙatar hujja. Gwanin marubuci yakan jera biyun kafaɗa da kafaɗa har mai karatu ya haɗiye ra'ayin tare da gaskiyar ba tare da ya ji ba.

Yanzu ga batun jan biron malaminku, wanda nake ganin ya yi miki adalci. A takarda ta biyu ta Turancin WAEC, wadda ake ba ta awa biyu, insha'i yana da maki 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30, wato taƙaitawa ta fi auna fahimta nauyi, alhali ita ce ɗalibai suka fi bari sai lokaci ya kusa ƙurewa. Abin da ake aunawa a wannan sashe shi ne ko kin gane maganar har kin iya faɗinta da bakinki, shi ya sa ake hukunta wanda ya ɗauko jimla ɗungurungum daga cikin maƙalar, ake kuma rage makin wanda ya cusa abin da ba a tambaya ba. Idan muka koma ga sakin layinmu, aka ce ki faɗi ra'ayin marubucin a jimla ɗaya, yaran da ke tafiyar rabin yini ba su da gurbi a amsarki, jaki da taiki ma haka. Abin da ya rage shi ne cewa samar da makamashi mai sauƙin kuɗi ya fi hukunci tasiri wajen kare dazuzzuka.

Dabarar da nake koya wa ɗalibaina domin su rabu da kwafa ita ce wannan. Idan kin gano jimlar da ke ɗauke da amsar, ki rufe ta da tafin hannunki, ki faɗa wa kanki ma'anarta da Hausa a zuci, kamar kina bayyana wa ƙanwarki, sannan ki rubuta abin da kika faɗa da Turanci mai sauƙi, cikin cikakkiyar jimla mai aikau da aiki. Idan kin kasa faɗinta da Hausa, to ba ki gane ta ba tukuna, kuma gara ki san haka a gida da ki sani a zauren jarrabawa. Kada ki damu idan wasu kalmomi sun ƙi canzuwa, domin hamada hamada ce, babu wanda zai ce ki nemo mata wani suna. Ginin jimlar ne ya kamata ya zama naki. In aka ce jimla shida, ki ba da shida, kowace a layinta, kowace da batu guda.

Tambaya daga wani magidanci a Runjin Sambo

Malam, barka da aiki. Ina da ɗa a aji biyar, kuma tun da aka fara koya musu abin da yake kira nazarin maƙala, yaron nan ya zama mai yawan tambaya. In ana sauraron labarai a rediyo sai ya ce ina hujja, in aka turo saƙo a WhatsApp na dangi sai ya ce wa ya faɗa. Kwanan baya har ƙanena ya yi fushi saboda ya tambaye shi inda ya samo wani labari. Ina tsoron kada wannan karatu ya koya masa jayayya da manya. Shin in tsawata masa ne?

Amsa

Alhaji, Allah ya raya mana shi, ya shirya shi. Tsoronka yana da tushe, amma ina roƙon ka raba abu biyu kafin ka tsawata: tambayar da yaron ya yi, da yadda ya yi ta. Idan ya katse baffansa a gaban jama'a, ko ya yi maganar da murya mai nuna ya fi shi sani, wannan rashin ladabi ne kuma gyaransa yana wuyanka, ba ya wuyan malamin Turanci. Ka koya masa ya jira a watse, ya durƙusa, ya ce: Baffa, ina son in ƙaru, a ina aka ruwaito wannan? Tambayar ita ce dai, amma an sa mata riga.

Ita kuwa ɗabi'ar neman hujja, ina ganin babu garin da ya kamata ya ɗauke ta baƙuwa kamar Sakkwato. Aya ta shida ta Suratul Hujurati ta umarci muminai da su bincika labarin da fasiƙi ya kawo, kada su cutar da wasu mutane cikin jahilci su dawo suna nadama. Malaman hadisi sun gina fanni sukutum a kan tambayar da ɗanka ya yi, wato wa ya faɗa, daga wa ya ji. A zaurukanmu ana karanta matani, a bi shi da sharhi, a bi sharhin da hashiya, kuma mai hashiya yakan ce wa mai sharhi a nan akwai abin dubawa, ba tare da kowa ya kira shi marar kunya ba. Mantiƙi da balaga, waɗanda manyan ɗalibai ke karantawa bayan sun yi nisa, su ne ainihin abin da makarantar boko ke gutsura wa yaranmu da sunan nazarin maƙala: yadda ake gina hujja daga muƙaddima zuwa natija, da yadda ake sarrafa harshe domin a rinjayi mai sauraro.

Misalin da na fi so in ba iyaye shi ne musayar wasiƙun da aka yi tsakanin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno da shugabannin jihadi, bayan da yaƙi ya kai ga Birnin Gazargamu a 1808. Al-Kanemi ya rubuto yana tambayar dalilin yaƙar mutanen da ke salla, suna azumi, suna ba da zakka, yana kafa hujja da cewa aikata saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci, kuma irin laifuffukan da ake zargin Barno da su ana samunsu a wasu ƙasashen Musulmi kamar Masar da Sham ba tare da an kafirta su ba. Muhammadu Bello ya amsa masa batu bayan batu, yana kawo taimakon da Barno ta bai wa sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da kuma wasu al'adu da yake ganin sun wuce saɓo sun shiga shirka. Ba hurumin wannan fili ba ne ya yanke hukunci a tsakaninsu. Abin da nake son ka lura da shi, Alhaji, shi ne cewa mun san hujjojin al-Kanemi a yau ne domin Bello da kansa ya kwafe su a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812. Ya ajiye maganar abokin jayayyarsa a gaban mai karatu, sannan ya mayar da martani. Da za a fassara wa 'yan aji biyar shafi biyu na wannan musaya, a ce su fitar da da'awa da dalili da martani, da sun sami darasin da ya fi da yawa daga cikin abin da ke littattafansu.

Haɗarin da nake hango wa ɗanka wani ne daban. Yaron da ya fara ɗanɗana wannan fanni yakan ɗauka cewa iya tambaya shi ne ilimi, sai ya riƙa rushe maganar kowa alhali shi bai gina komai ba. Maganinsa shi ne ka juya masa tambayar. Duk ranar da ya kawo nasa ra'ayin a gida, ka ce masa cikin raha: to malam, kai ina taka hujjar? Ka sa shi ya binciko gaskiyar saƙon da ya yi shakka a kansa, ya kawo maka abin da ya samu. Za ka ga ya rage gaggawa, kuma watakila ku amfana da shi, domin saƙonnin da ke yawo a wayoyinmu game da magani da tsaro da siyasa suna buƙatar mai tacewa a kowane gida.

Tambaya daga wani ɗalibi a Arkilla

Malam, wani abokina ya ba ni insha'i guda biyar da aka riga aka rubuta da manyan kalmomi, ya ce in haddace su, duk tambayar da ta fito in daidaita ɗaya da ita. Wannan dabara za ta fisshe ni?

Amsa

Ɗana, ba za ta fisshe ka ba. Makin insha'i 50 an kasa shi huɗu ne: 10 na abin da ka faɗa da dacewarsa da tambaya, 10 na tsari, 20 na yadda ka sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu daga kurakuran nahawu da harrufa da alamomin rubutu. Insha'in da aka haddace yakan faɗi tun a kashi na farko, domin an ɗinka shi ne a jikin wata tambaya. Mai duba takarda kuma yana karanta ɗaruruwa, kuma da ya ga sakin layi na farko yana ƙyalli da kalmomin aro, na biyu kuma yana ɗingishi da Turancinka na gaskiya, ya san abin da ya faru. Ga kuma asarar da ba ka lissafa ba: kowace babbar kalma da ba ka mallake ta ba ƙofa ce ta kuskure, kuma rabin maki ake cirewa a kan kowane kuskure har kason tsabtar rubutu ya ƙare.

Ka yi amfani da insha'in nan biyar ta wata hanya. Ka karanta kowanne, ka rubuta a gefen kowane sakin layi aikin da yake yi cikin kalmomi uku ko huɗu, har ka ga ƙashin bayansa. Sannan ka ajiye shi, ka ɗauki wani batu da ka sani da idonka, kamar ƙarancin ruwan famfo a unguwa lokacin bazara ko cunkoson babura a bakin kasuwa, ka gina naka a kan wannan tsari, da kalmomi kimanin 450 kamar yadda ake buƙata, cikin minti 50. Ka yi haka sau ɗaya a mako daga yanzu zuwa jarrabawa.

Tambaya daga wani malamin Turanci a Wamakko

Ranka ya daɗe, ni malamin Turanci ne a wata makarantar sakandare. Ajina ya cika maƙil, waɗanda ke da littafin karatu ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma da yawa sun zo aji huɗu ba su iya karanta sakin layi a bayyane ba tare da tuntuɓe ba. Yaya zan koyar da nazarin maƙala a wannan hali? Kuma shin laifi ne in yi musu bayani da Hausa? Wasu abokan aikina suna ganin hakan zubar da darajar darasin ne.

Amsa

Malam, Allah ya saka maka da alheri, domin wanda bai taɓa tsayawa gaban irin wannan aji da tsakar ranar watan Afrilu ba, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ba zai san nauyin da ke kanka ba.

Zan fara da tambayarka ta biyu. Ra'ayina shi ne Hausa tana da gurbi a ajin Turanci, amma gurbin tsani ne, a taka a hau. Gane bambancin da'awa da dalili aiki ne na hankali, kuma yaron da ya gane shi da harshensa cikin minti goma zai ɗauke shi zuwa Turanci, alhali in ka nace sai da Turanci zai ji shi, kana ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, sabon tunani da baƙon harshe. Inda abokan aikinka suke da gaskiya shi ne idan darasin ya koma fassara, malam ya karanta jimla ya fassara, ya karanta ya fassara, yara suna zaune suna jiran Hausar. Wannan yana haifar da ɗalibin da bai taɓa kokawa da jimlar Turanci shi kaɗai ba, kuma ranar jarrabawa babu mai fassara masa. Ka bayyana dabarar da Hausa, ka bar su su tattauna a junansu da harshen da suka ga dama, amma karatun da amsar da za a rubuta su kasance da Turanci.

Game da rashin littafi, nazarin maƙala yana cikin darussan da suka fi jure talauci, domin sakin layi guda mai kyau a kan allo ya isa darasin minti arba'in. Ka lambata jimlolinsa, ka raba ajin rukuni-rukuni bisa bencinsu, ka ce kowane rukuni ya gaya maka lambar jimlar da ke ɗauke da ra'ayin marubuci da dalilin zaɓensu. Za su saɓa, kuma saɓanin shi ne darasin. Tun da amsar farko lamba ce, ko yaron da ke jin kunyar Turancinsa zai iya ɗaga hannu. Wata rana ka rubuta jimlolin a hargitse ka ce su mayar da su yadda suke, wanda ba zai yiwu ba sai sun lura da kalmomin haɗi. Wata rana kuma ka share kalmomin haɗin ka ce su cike gurbin.

Wurin samun matani kuwa, sharhin edita na jaridu ya fi komai dacewa, domin gajere ne, yana da matsayi, kuma yana magana a kan abin da yaran ke ji a gida. Daily Trust da Aminiya gida ɗaya ke fitar da su, kuma sau da yawa za ka sami batu guda a duka biyun, sai ka fara da na Hausar a matsayin share fage kafin ka shiga na Turancin. Tsofaffin takardun WAEC da NECO ma taska ce, sai dai ina roƙon kada a mayar da su abin haddar amsoshi. Ka zaɓi batutuwan da yaran ke da abin cewa a kansu, kamar ambaliyar da kan biyo bayan sakin ruwan madatsar Goronyo, ko farashin albasa tsakanin kaka da bazara, domin ɗan manomin fadama da ke tuntuɓe a kan kalmomi zai iya kama marubucin da ya yi kuskure a kan noman rani, kuma ranar da ya yi haka ya fara zama mai nazari.

Waɗanda ba su iya karatu a bayyane ba matsalarsu ta riga wannan darasi, kuma kada mu yaudari kanmu cewa dabarar aji za ta share ta. Suna buƙatar minti goma na karatu da murya kowace rana, biyu-biyu, mai ƙarfi da mai rauni, kafin a shiga darasi ko bayan an tashi. Batun duba aiki kuma, kada ka ce za ka duba littafin kowa a kowane mako, domin za ka gaji ka daina gaba ɗaya. Ka karɓi na benci biyu ko uku a mako bisa juyi, ka duba su da kyau, ka zaɓo jimla uku masu kuskuren da ya fi yawa, ka rubuta su a allo ba tare da sunan masu su ba, ajin duka ya gyara su tare ranar Litinin.